FILIN MANOMA: Zaɓen Zangon Rani a Kwarin Kogin Haɗeja

Kowace shekara, da zarar an girbe gero an karya dawa, ciyawar tudu ta bushe, kududdufai sun soma ƙafewa, sai a ga garkunan shanu da na tumaki sun miƙa kan burtali sun nufi fadama. Waɗansu daga cikin ƙasar Jigawa suke, waɗansu daga Yobe da Bauchi, waɗansu kuwa daga Damagaram ta ƙasar Nijar. Ba makiyaya kaɗai ke sauka bakin kogi ba. Akwai masu noman rani, da masunta, da fataken da ke kora dabbobi daga kasuwa zuwa kasuwa. Kowane daga cikinsu tilas ya nemi wurin da zai kafa bukka, wani na kwana biyu, wani na wata biyar.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan abu da sauƙi, duk inda suka ga ruwa da ɗanyar ciyawa sai su sauke kaya. Alhali kuwa zangon da mutum ya zaɓa a watan Disamba shi zai nuna irin shanun da zai koma gida da su a watan Yuni. Zango guda yana iya sa garke ya koma da ƙiba da maruƙa. Wani zangon, wanda bai fi tafiyar sa'a ɗaya daga na farkon ba, yana iya sa a koma da ƙwarangwal, ko a ƙare a gaban alƙali. Manomi ma yana da ruwa a cikin zancen, gama ko dai ya sami taki kyauta, ko ya wayi gari an cinye masa alkama.

YADDA KOGIN YAKE

Kafin a zaɓi masauki ya kamata a san halin ruwan da za a zauna kusa da shi. Kogin Kano da na Calawa su suka haɗu kafin Wudil suka zama Kogin Haɗeja. Daga nan ya bi ta ƙasar Ringim, ya wuce Auyo da Haɗeja, sa'an nan ya rarrabu ƙorama ƙorama cikin jigayi. Kogin Jama'are kuwa daga duwatsun Jos yake fitowa, ya ratsa ƙasar Katagum. Ruwan kogunan biyu yana gauraya cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, ya fita da sunan Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi.

A da, kogunan nan biyu halinsu ɗaya: su cika su yi ambaliya da damina, su janye da kaka, su bar yashi da rani. Amma an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992, tun daga nan Kogin Haɗeja ya sake hali. Yanzu ana sako masa ruwa har da rani saboda masu noman rani da masu shan famfo. Watau ruwa yana iya ƙaruwa cikin dare a tsakiyar hunturu, ba hadari ba gajimare. Kogin Jama'are ba shi da babbar madatsa irin waɗannan, saboda haka yana nan da halinsa na da, sai dai nasa haɗarin dabam ne. Ruwan sama yana riga sauka a Jos da kudancin Bauchi, kogin yakan kawo ruwa tun damina ba ta kankama a Katagum ba.

Abu na biyu da ya sake shi ne kacala. Da yake ruwa ya daina ƙafewa sarai da rani, wannan ciyawa ta sami wurin zama, tun daga shekarun 1990 ta yi ta yaɗuwa tana toshe hanyoyin ruwa, musamman wajen Marma da tafkin Nguru. In ta toshe wata ƙorama, ruwan sai ya nemi wata hanya. Shi ya sa ake samun fadamar da kakanni suka yi kiwo a cikinta ta zama tafki, wata kuwa ta bushe ta zama fako. Saboda haka kada mutum ya dogara ga cewa ubansa a wuri kaza ya saba sauka. Tilas a sake duba wurin kowace shekara.

A AIKA A GANO TUKUNA

Tsofaffin makiyaya ba sa tashi da garke sai sun aika mutum ya gano, wanda waɗansu Fulani ke kira garso. Wannan al'ada ce mai kyau, bai kamata wayar hannu ta kashe ta ba. Mai ba da labari ta waya yakan faɗi abin da ya ji a kasuwa, ɗan aike kuwa da ƙafarsa zai taka wurin. Ya tafi kamar mako biyu kafin tashi, ya kwana a wurin ko da dare ɗaya ne, gama sauro da bobuwa da raɓa ba a sanin yawansu da tsakar rana. Ya duba shanun waɗanda suka riga shi sauka, ya ga cikinsu da gashinsu da kashinsu. Ya kuma zauna da mahautan kasuwar da ke kusa ya tambaye su yadda hantar dabbobin wannan wuri take in an yanka. Mahauci ya fi kowa sanin fadamar da ke lalata hanta.

TUDU KUSA DA FADAMA

Dokar farko ita ce a yi kiwo a fadama, a kwana a tudu. Kwarin Haɗeja Allah ya yi masa jigayi masu tsawo a tsakanin ƙoramu, waɗannan jigayi su ne wurin zango. Yashi yana shanye fitsari, ƙasa ba ta caɓewa, kofaton tumaki ba ya ruɓewa, maruƙa ba sa kwana cikin danshi, iska kuma tana korar sauro. Ƙasar laka kuwa, ko ta bushe ta tsattsage, da an yi yayyafi ɗaya ta zama taɓo.

Ƙasa da kanta tana faɗin iyakar ruwa ga wanda ya iya dubawa. Jikin itatuwa yana da zane inda ambaliya ta tsaya, da tarkacen ciyawa da ruwa ya rataye a rassa. Inda giyayya da jema suka yi yawa, ruwa yana kwanciya a nan kowace shekara. Inda aka ga gawo da aduwa da tsofaffin surin gara, galibi ruwa ba ya daɗewa a wurin. A kuma tambayi dattawan ƙauye inda ruwa ya kai a 2012 da 2022, gama shekaru ne na babbar ambaliya, a kafa bukka sama da wannan iyaka in za a kai farkon damina a wurin.

Kada a kwana a cikin yashin kogi, kome kyaunsa da laushinsa. Kada a sauka a tsibiri sai an tabbata akwai mashigin da saniya mai ciki da ɗan maraƙi za su iya ƙetarewa ko ruwa ya ƙaru. Zango mai hanya ɗaya tarko ne. A nemi wanda yake da mafita biyu, ɗaya ta wajen ruwa, ɗaya ta wajen tudu.

RUWAN SHA

Saniya babba takan sha lita 25 zuwa 30 a yini da hunturu, da bazara kuwa har ta wuce haka, balle mai ba da nono. Garke mai shanu 50 ke nan yana bukatar wajen lita 1,500 kowace rana, watau jarka 60 mai cin lita 25. Wanda ya yi wannan lissafi zai gane da sauri ko ɗan tafkin da ya gani a Disamba zai kai shi Afrilu. Tafkin da ya janye taku goma cikin mako guda ba abin dogara ba ne.

Mashaya mai kyau ita ce mai yashi ko tsakuwa a ƙasa, mai gangara a hankali, ruwanta yana gudu. Gaɓa mai tsayi tana karya ƙafar saniya in ana turereniya, tana kuma zubewa. Taɓo ya fi kowane muni, gama a ƙarshen rani, sa'ad da shanu suka rame, wadda ta kafe ba ta da ƙarfin fita. Mashayar ta kasance ƙasa da inda mutanen gari ke ɗiban ruwa, ba sama ba. Haka kuma a nisanci inda ruwan gonakin rani ke tsiyayowa, da inda masu feshi ke wanke kayan aikinsu suna zubar da gwangwanayen magani.

Mutane kuwa kada su sha inda dabbobi ke sha. In akwai rijiyar burtsatse a ƙauyen da ke kusa, a nemi izini a riƙa ɗiba. In babu, a tona 'yar rijiya a yashi nesa kaɗan da bakin ruwa, a kewaye ta da ƙaya, ruwan da za a ba yara kuma a tafasa shi. Wurin bayan gida ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiyar, ya kasance ta gangare. Kurkunu dai an rabu da shi, gama a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaidar kawar da shi. Amma tsargiya tana nan. Yaron da ke wanka cikin ruwan da ba ya gudu, mai ciyayi, shi take kamawa, alamarta kuwa jini a ƙarshen fitsari. Tana da magani a asibiti, kada a zauna ana cewa balaga ce.

CIWON HANTA

Babban abin da ke cin dukiyar makiyayi a fadama ba kura ba ce, tsutsar hanta ce. Ga yadda take tafiya. Saniya mai ciwon tana zubar da ƙwan tsutsar cikin kashinta. In kashin ya faɗa cikin ruwa sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke zaune cikin ruwa marar gudu. A nan suke yawaita, sa'an nan su fito su manne a jikin ciyawar da ke cikin ruwan. Saniya mai lafiya ta zo ta ci ciyawar, tsutsar ta huda hanji ta shiga hanta. Kafin ta girma ta soma yin ƙwai sai an yi wata uku ko huɗu.

Wannan jinkiri shi ke ruɗin mutane. Garken da ya ɗauki ciwon a Janairu ba zai nuna ba sai wajen Afrilu ko Mayu, daidai lokacin yunwa. Sai a ga saniya tana ramewa, cikin idonta ya yi fari, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa, nono ya ragu. Mai ita ya ce bazara ce, alhali kuwa tun zangon farko aka jawo. Falke ma yana tafka hasara a nan, gama dabbar ba ta yin nama, hantar kuma zubarwa ake yi.

Maganin abin yana wajen zaɓen wuri. A guji bakin tafki mai kacala da bado, inda ruwa yake tsaye shekara da shekaru, gama nan ne gidan dodon koɗin. A bar fadama ta tsane sosai kafin a shigar da dabbobi, kada a bi ruwa a baya a baya yana janyewa ana cin ciyawar bakinsa. Inda hali ya yi, a ɗebo ruwa a zuba a komi. Sa'an nan a sami malamin dabbobi ya ba garke maganin hanta, ya faɗi lokacin da za a maimaita, da kwanakin da za a daina shan nonon bayan an ba da magani. Magungunan ba ɗaya suke ba, waɗansu manyan tsutsotsi kaɗai suke kashewa, saboda haka saye a tebur a kasuwa ba tare da shawara ba zubar da kuɗi ne.

SAURAN CUTUTTUKA

Tsando ya taɓa zama a kurmin kogunan nan, har ya hana kiwo a wurare da yawa, sai da aka yi aikin feshi a shekarun 1950 da 1960 aka kawar da shi. Amma garken da ya yi rani a kudu yana iya dawowa da sammore a jikinsa, bobuwa kuma tana iya ɗauka daga wannan saniya ta sa wa waccan. Bushiya, wadda ta karkashe shanun kakanni, an ba da sanarwar ƙarewarta a duniya duka a 2011. Ciwon huhu da boru da harbin daji kuwa suna nan, kuma mashaya ɗaya da garkuna da yawa ke haɗuwa ita ce kasuwarsu. A yi wa dabbobi allura tun ba a bar gida ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin alluran rigakafin ciwon huhu da harbin daji da saifa, da na annobar awaki da tumaki. Ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma shi zai faɗi lokacin da ake yi.

Tsohon zango yana da daɗin sauka, gama an riga an share, amma kaska da ƙwan tsutsar ciki suna jira a wurin. Gwamma a matsa gaba kaɗan. In kuwa aka ji labarin dabbobi sun taɓa faɗuwa matattu farat ɗaya a wani wuri, jini yana fita ta hanci da dubura, to, a yi nesa da shi ƙwarai. Wannan alamar ciwon saifa ce, ƙwayarsa tana zama cikin ƙasa shekaru da yawa, tana kuma kama mutum. An tabbatar da ɓullarsa a Suleja a watan Yuli na 2023. Dabbar da ta mutu haka ba a feɗe ta, ba a cin namanta, sai a kira malamin dabbobi.

ABINCI

Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar kamar kilo 6 na busasshen abinci a yini. Shanu 50 ke nan kilo 300 kowace rana, wata biyar kuwa ba kwana kaɗan ba ne. Zango nagari shi ne wanda yake da abinci iri uku a kusa, kowane da lokacinsa. Da fari karan dawa da na gero da ragowar harawa a gonakin tudu, in masu su sun yarda. Sa'an nan burugu da sauran ciyawar fadama, da bambaron shinkafa, bayan ruwa ya tsane. Daga ƙarshe, da bazara, 'ya'yan gawo da ganyensa, gama shi ne itacen da ke yin ganye da rani ya kaɗe da damina. Wanda ya soma da fadama tun Disamba ya cinye guzurinsa da wuri, ya kuma shiga ruwa a lokacin da tsutsa ta fi yawa.

Makiyayar kada ta yi nisa da mashaya har yini ya ƙare a tafiya. Saniyar da ke taka doguwar hanya safe da yamma abin da ta ci a ƙafa yake ƙarewa. A lura kuma da abubuwa uku masu kisa. Duman rafi, wanda ke shimfiɗe kore shar a bakin ruwa sa'ad da kome ya bushe, yana sa dabba makyarkyata da tangaɗi. Gyauron dawa, watau sabon tohon da ke fitowa bayan girbi, yana da dafi. Leda kuwa, wadda ta cika bayan kowane gari mai kasuwa, tana taruwa a tumbi har ta kashe saniya. Saboda haka zango ya yi kusa da kasuwa yadda mata za su kai nono su dawo kafin la'asar, amma kada ya kai ga jujin gari.

IZINI DA MAƘWABTAKA

Ko wuri ya cika dukan sharuɗɗan nan, in ba a nemi izini ba, ba zango ba ne. Fadamar yau ba ta jiya ba ce. Injin ban ruwa ya sa ana noma bakin kogi kusan duk shekara: alkama daga Nuwamba zuwa Maris, ga shinkafar rani, ga tumatir da albasa da tattasai, ga wake da kankana a inda ruwa ya janye. Wurin da makiyayi ya bari fili bara yana iya tarar da shi gona bana. Mafi yawan rigingimun da ake yi a kwarin nan a kan hanyar zuwa ruwa suke tashi.

Saboda haka ɗan aike ya fara da gidan bulama ko mai unguwa, tare da ardon wurin, a kai shi ga dagaci. A faɗi yawan dabbobi, da inda aka fito, da tsawon zaman da za a yi. A nuna masa burtali da mashaya, a taka tare da masu gonakin da ke gefe, a kafa alama. In masunta suna da tafkin da suke tsaro don su, a ji daga bakin sarkin ruwa, gama shanu suna yayyaga taru suna tattake mali. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi filayen kiwo, Jihar Jigawa kuma tana da hukumar da ke kula da sha'anin manoma da makiyaya. Wanda ya tarar an nome burtali can zai kai ƙara, ba sanda zai ɗauka ba. A kuma sani dajin Baturiya a ƙasar Kiri Kasama da tafkin Dagona a ƙasar Bade wurare ne da hukuma ta keɓe saboda tsuntsaye da namun daji, waɗansu tsuntsayen ma daga Turai suke zuwa cin rani. Ba a kafa ruga a ciki, ba a saran itace.

Manomi mai wayo ba ya jira a roƙe shi, shi yake zuwa ya gayyato garke gonarsa ta tudu. Kusan rabin kashin da saniya ke yi da dare take yinsa a makwanci, ga fitsari kuma, wanda ya fi kashin ƙarfi, ba kuwa a iya kwaso shi a mangala. In ana matsar da makwancin bayan kowane kwana uku ko huɗu, gona takan taku gaba ɗaya, amfanin kuma yakan wuce shekara guda. A wannan zamani na tsadar takin kanti ba ƙaramar riba ba ce. Makiyayi shi kuma ya sami tudu mai tsabta, da kara, da mai gida wanda zai tsaya masa.

A nan malaman ofis suke da aiki. Yarjejeniyar baki takan ɓace ran da rai ya ɓaci. Magatakardan dagaci ya rubuta 'yar takarda: sunan mai gona da na mai garke, ranar sauka da ranar tashi, hanyar da za a bi zuwa ruwa, abin da za a ba juna, ko hatsi ko kuɗi ko kara, da waɗanda za su kimanta ɓarna in ta auku. Kowa ya riƙe kwafi ɗaya. A sa a ciki cewa ba kiwon dare, ba a kuma barin ƙananan yara su kaɗai da garke kusa da gonar rani. Manomi kuma ya ɗauki alkawarin ba zai ƙone kara ba, ba zai toshe hanyar da aka shata ba.

TSARIN ZANGO

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Fulani da yawa sukan sa makwancin shanu yamma da bukkoki, bukkokin suna duban garke, wannan kuwa daidai ne, gama ƙura da wari da ƙuda suna tafiya gaba, mai garke kuma yana ganin dukiyarsa daga bakin ƙofa. Dangwalin maruƙa ya kasance a tsakani, a inuwa, a wuri busasshe. Dabbar da aka sayo sabuwa ko marar lafiya a ɗaure ta dabam. A share ciyawa kewaye da zango faɗin taku goma saboda gobara, gama bukkar kaba da kara ba ta jimre tartsatsi. A nisanci suri da tarin itace saboda macizai, kowa kuma ya kwana cikin gidan sauro, ko da hunturu ne.

Falken da ya sayo shanu a Maigatari ran Alhamis, ko yake nufin Wudil ta ran Juma'a, zangonsa na dare ɗaya ne, amma dokar ba ta sake ba. Ya sauka da sauran rana, ya gai da mai unguwa, ya kwana a tudu kusa da gari. Kada ya haɗa dabbobinsa da garken mutanen wurin a mashaya, gama shanun kasuwa daga wurare dabam dabam aka tattaro su, ba wanda ya san abin da kowace ta ɗauko.

LOKACIN TASHI

Sanin ranar tashi rabin zaɓen zango ne. In shanu suka soma dawowa da yamma ciki bai cika ba, ko ruwan mashaya ya yi kore yana wari, ko bobuwa ta hana su tsayawa kiwo, lokaci ya yi. Haka kuma in aka ga hadari yana haɗuwa ta kudu, ko ruwan kogi ya soma yin ja, kada a jira. A fita daga fadama tun mashigai ba su cika ba, tun manoman tudu ba su yi shuka ba, gama garken da ya makara sai ya ratsa ta cikin sabuwar shuka, daga nan kuwa sai rigima.

Kafin a tashi a cike ramukan da aka tona, a kashe wuta sarai, a biya abin da ake bin mutum, a je a yi sallama da mai unguwa da mai gona. Baƙo raɓa ne, in ji masu magana, amma makiyayi baƙo ne mai dawowa baɗi, kuma yadda ya bar wuri haka za a karɓe shi. Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da manoma da makiyaya lafiya, amin.